Maigadin da ke manne a silin ɗinki

'Yata,  Allah ya sa kun fara sabawa da sanyin New York, don na san ba irin hunturun da kika taso a ciki ba ne.

Akwai 'yar maganar da nake so mu yi. Ba faɗa ba ne, kwantar da hankalinki. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Na san ki tun kina ƙarama da tsabta da kula da ɗaki, kuma ban ji kin canza ba. Maganar a kan wannan 'yar farar na'urar ce mai zagaye da ke manne a silin ɗinku, wato ƙararrawar hayaƙi. Kin shigo gidan kin tarar da ita a wurin. Ba ke kika saya ba, ba ke kika kafa ba. Don haka ba abin mamaki ba ne in ba ki taɓa tambayar shekarunta ba. Yawancin mutane haka suke, har da waɗanda aka haifa a can.

Ki ɗauke ta a matsayin maigadi. Kuna barci, ita tana zaune tana tsaro. To amma maigadi yana tsufa, idonsa ya rage gani, ya ci gaba da zama a bakin ƙofa kamar kullum, mutanen gida kuma suna barci da sakin jiki don sun ga mutum a kan kujera. Wannan shi ne abin da ke damuna game da ita. Shirunta ba ya nuna lafiyarta. Mai aiki shiru take yi, matacciya ma shiru take yi.

Bari in fara da dalilin da ya sa ake buƙatarta, don na sha jin mutanenmu suna cewa ai in wuta ta kama za su ji ƙauri su tashi. Ba haka abin yake ba. Hanci yana barci tare da mai shi. Kunne ne ke zama a buɗe. Hayaƙin ma ba tashin mutum yake yi ba, ƙara nauyaya masa barci yake yi, har ya wuce inda ba a dawowa. Mafi yawan waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su, ba harshen wuta ba. Sau da yawa akan tarar da su a kan gadonsu, wuta ba ta ko taɓa su ba.

Kuma wutar yanzu ta fi ta da gaggawa. Masu binciken gobara a Amurka sun gwada. A gidajen da, masu kayan katako da auduga, mutum yakan samu kusan minti 17 kafin ɗaki ya gagari numfashi. A gidajen yanzu, da katifar soso da kujerun soso da labulen roba, abin ya dawo minti 3 ko ƙasa da haka. A cikin minti ukun nan ne za ki farka, ki gane abin da ake ciki, ki ɗauki na goye, ki ja hannun yayansa, ki laluba ƙofa cikin duhu. Duk daƙiƙar da ƙararrawar ta ba ki, riba ce. Ƙungiyar nan ta kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana faɗa cewa kusan 3 cikin kowane mutum 5 da ke rasuwa a gobarar gida, a gidajen da babu ƙararrawa ne, ko kuma akwai amma ba ta aiki. Ki lura da wannan rabin na biyu. Akwai ta, ana ganinta kullum, amma ba ta aiki.

To, wa'adin aikin ƙararrawar shekara 10 ne. Ba daga ranar da aka saya ake ƙirga ba, ba kuma daga ranar da kika tare ba. Daga ranar da aka ƙera ta ne. Ranar tana rubuce a bayanta, gefen da ke kallon silin. Ki samu tsani mai ƙarfi, ba kujerar roba ba don Allah, maigidanki ya riƙe miki ko shi ya hau. A kama ta da hannu biyu, a murɗa ta hagu kaɗan, za ta saki. In irin wadda aka haɗa da wutar gida ce, za ki ga 'yan wayoyi sun biyo ta, kada a fizge. A juya ta kawai a karanta. Za ki ga shekara da wata. In ta cika goma, ta gama nata, sai sabuwa. In kin duba ko'ina ba ki ga kwanan wata ba, to tsohuwa ce ƙwarai, kada ki tsaya wani lissafi. In kuma farin jikinta ya koma rawaya-rawaya, shi ma alama ce ta daɗewa.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce, Goggo, ai na danna maɓallin ta yi ƙara har yara suka toshe kunne. Madalla, ki ci gaba da dannawa, sau ɗaya a wata. Amma ki san abin da maɓallin ke gaya miki. Yana gaya miki akwai wuta a batir, kuma bakin da ke yin ƙarar yana aiki. Ba lallai ne ya gaya miki ko har yanzu tana jin hayaƙi da wuri kamar lokacin da take sabuwa ba. Sashen da ke gano hayaƙin shi ne ke tsufa a ɓoye.

Iri biyu ne aka fi samu a gidaje. Ɗaya tana da ɗan ƙaramin haske a cikinta, da wani ɗan ido a gefe wanda hasken ba ya kaiwa gare shi. In hayaƙi ya shiga, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta yi kururuwa. Wannan ta fi saurin gane wutar da ke ci a hankali, irin ta katifa ko kujera ko wayar da ta yi zafi a bayan labule, wadda takan daɗe tana hayaƙi kafin ta tashi. Ɗayar kuma tana da ɗan ɗigon wani sinadari da ake kira amerisiyam, mai sa wata siririyar wutar lantarki ta riƙa gudana a iskar da ke cikinta. Hayaƙi na shiga sai ya rage gudun wutar, ita ma sai ta yi ƙara. Ta fi saurin gane wuta mai harshe, irin ta mai ko takarda. Sinadarin ba ya cutarwa muddin ba a fasa na'urar ba, kuma ba shi ne ke ƙarewa ba, don yakan kai shekara 432 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Abin da ke cinye su duka biyun shi ne yau da gobe. Ƙura tana shiga. Maiƙon girki yana tashi ya manne. Tururin wanka, sanyi da zafi, ƙananan ƙwari, yanar gizo-gizo. Shekara goma tana shaƙar wannan dare da rana ba hutu. Wata takan koma ba ta ji sai hayaƙi ya cika ɗaki. Wata kuma takan rikice ta riƙa ihu ba dalili. Duka biyun tsufa ne.

Kulawar da take so ba ta da yawa. Lokaci-lokaci ki bi ramukan gefenta da injin zuƙe ƙura ko buroshi mai laushi. Kada a wanke ta da ruwa, kada a fesa mata turare ko maganin ƙwari. In za a yi wa ɗaki fenti, kada mai fenti ya bi ta kanta, don fenti yana toshe ramukan. Masu aikin gini sukan rufe ta da 'yar hular roba don ƙura, wani lokaci su manta su tafi. Ki duba ko taku tana sanye da irin wannan.

Yanzu ga maganar batir, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki sosai. In batirinta ya yi sanyi, takan fara tsuwa, ƙit, sai ta yi shiru kamar rabin minti ko minti ɗaya, sai kuma ƙit. Kuma kusan kullum da tsakar dare take farawa, wajen ƙarfe biyu ko uku, saboda a lokacin ne gida ya fi sanyi, sanyi kuwa yana rage wa batir ƙarfi. Ga maigida ya dawo aiki a gajiye, ga jariri da ƙyar aka samu ya yi barci. Sai a hau kujera a cire batirin, a ce gobe za a sayo sabo. Ban ga laifin mai gajiya ba, 'yata. Kowa ya san daɗin barci. Amma goben nan takan zama wata, watan ya zama shekara. Murfin yana rufe, ba wanda ya san cikin wayam ne.

A daren 7 ga watan Maris na 2007, a unguwar Highbridge da ke Bronx, nan kusa da ku, wuta ta kama wani gida na mutanen Mali. 'Yan'uwanmu ne na Afirka ta Yamma, masu salla da azumi kamarmu, masu neman halak ɗinsu. Wayar hitar ɗumama ɗaki ce ta yi zafi a ƙasan gidan. Mutum 10 suka rasu, 9 daga cikinsu yara. Da 'yan kwana-kwana suka bincika, sun tarar akwai ƙararrawar hayaƙi guda biyu a gidan, amma babu batir a ko ɗaya. Ba na faɗar wannan don in ɗora wa kowa laifi. Iyayen nan suna son 'ya'yansu kamar yadda kike son naki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayen haƙuri. Na faɗa ne don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ki ajiye batir na ko-ta-kwana a cikin durowa, irin mai kusurwa huɗu ɗin nan mai lamba 9V, ko duk irin wanda taku ke ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ma ki jira ta yi tsuwa. Ki canza aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutanen can sun haɗa abin da ranar da suke gyara agogo, a watan Maris da watan Nuwamba. In wannan zai shige miki, ki haɗa shi da sharar da kike yi kafin Babbar Salla. Wadda aka haɗa da wutar gida ma tana da batir a ciki saboda ɗaukewar wuta, kuma ita ma shekara goman nan bai bar ta ba.

Akwai sauƙi yanzu. Tun watan Afrilu na 2019, dokar jihar New York ta ce sababbin ƙararrawa masu aiki da batir da ake sayarwa su zama masu batir na dindindin, wanda aka rufe a ciki ba a iya cirewa, yana kai shekara goma. In kin samu irin wannan kin huta da canjin batir. Ranar da ta fara tsuwar ƙarshen rayuwa, ba buɗe ta za a yi ba, ɗungurungum ake sauke ta a sa sabuwa. In an kafa sabuwar, ki ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa ki rubuta shekarar a gefenta, inda ido zai riƙa gani daga ƙasa. Tunda haya kuke, kafawa da sauyawa in wa'adinta ya cika haƙƙin mai gidan ne, kulawa ta yau da kullum kuma taku ce. Ki sanar da shi a rubuce, cikin ladabi. In ya yi ta jan ƙafa, akwai lambar birni ta 311 da ake kai irin wannan kuka. Ƙungiyar Red Cross ma takan zaga unguwanni tare da 'yan kwana-kwana tana kafa wa mutane kyauta. Ba roƙo ba ne, kada kunya ta hana ki.

Sai kuma abin da na san ya fi haɗa matanmu faɗa da ita, girki da turaren wuta. Girkinmu ba irin nasu ba ne. Mu muna toya mai, muna soya albasa da tattasai, muna suyar nama da ƙosai. Ƙararrawa kuwa ba ta san bambancin suyar Salla da gobara ba. Sai ka shiga gidan 'yar'uwa ka ga an ɗaure mata baki da leda, ko an sa mata safa. Na fahimci dalili. Baƙi suna zaune, abu yana ta ihu, maƙwabta suna leƙowa. Amma ledar nan ba ta saukowa in an gama girki. Nan take kwana.

Akwai hanyar da ta fi. Yawancinsu suna da maɓallin da in kin danna zai yi musu shiru na 'yan mintoci, sannan su koma aiki da kansu. Ki yi amfani da shi, ki buɗe taga, ki kunna fankar murhu. In kullum sai ta yi ihu, wataƙila an kafa ta kusa da murhu da yawa. A ƙa'ida ana so ta yi nesa da shi da kamar mita 3. A nemi mai gidan ya matsar da ita, ko ya sauya ta da mai hasken nan, wadda ta fi haƙuri da girki. Turaren wuta kuwa, ba zan ce ki bari ba, ina ni ina raba mace da turarenta. Ki dai yi shi nesa da ita, ki rage yawa, taga a buɗe. Ki yi da kaskon lantarki, ki bar gawayi a rufaffen ɗaki. Kada kuma ki kifa kabbasa da kaya a kai ki shiga wanka.

Yawan ihun banza yana da wata illa da ta fi damuwar kunne. Yana koya wa mutane rashin kulawa. Kin san labarin Twin Parks, benen nan mai hawa 19 a Bronx, ranar 9 ga Janairu na 2022. Nan ma hita ce. Mutum 17 suka rasu, 8 yara, yawancinsu 'yan asalin Gambiya, kuma dukansu hayaƙi ne ya kashe su. Ƙararrawar benen ta yi ƙara. Amma mazauna da dama sun faɗa daga baya cewa ba su motsa da wuri ba, domin ta saba yi ba komai. Ƙofar gidan da wutar ta tashi kuma ba ta rufu ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Don haka duk lokacin da ta yi ƙara, ki tashi ki duba, ko da sau ɗari ta yaudare ki. Ki saba wa yara da kwana ƙofa a rufe. Rufaffiyar ƙofa tana tare hayaƙi da zafi fiye da yadda ake zato.

Ki koyi muryarta ma. Ƙara uku a jere, a ɗan tsaya, a sake uku, hayaƙi ke nan. Ƙara huɗu a jere kuwa wata magana ce daban, ta iskar guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Daga murhun gas marar lafiya take fita, da tukunyar ɗumama gida, da gawayi, da janareto. Ƙararrawar hayaƙi zalla ba ta jin ta. Sai dai a samu tata daban, ko mai haɗe da aikin biyu. Ta iskar gubar wani lokaci ba ta kai shekara goma, wasu 5 ne, wasu 7, yana rubuce a jikinta. In kin ji huɗun nan, ku fita waje ku sha iska, sannan a kira 911. Kuma komai sanyi, kada a kunna murhun girki don ɗumama gida.

Kada ki dogara cewa ƙarar za ta tashi yaran. Barcin yaro nauyi gare shi. A wani gwaji da Jami'ar Dundee ta yi tare da 'yan kwana-kwana a Birtaniya, cikin yara 34, guda 27 ba su farka ba ko sau ɗaya duk da ƙarar. Ke da babansu ne za ku tashe su. Ku zauna ku raba aiki tun yanzu, wa zai ɗauki wa, ta ina za a fita, ina za a haɗu a waje. Ku gwada da rana cikin wasa, yara suna son irin wannan. A koya musu rarrafe, don iska mai kyau a ƙasa take. A kuma gaya musu ba a komawa ciki don ɗauko komai, ko fasfo ne.

In Allah ya kawo ku gida hutu, ki sako guda biyu ko uku a jaka saboda gidan mahaifiyarki. Sun fi atamfa amfani, ko da yake ita ma atamfar kada ki manta. Mu nan ba a saba da su ba, alhali abubuwan da ke tayar da wuta sun yi mana yawa. A ɗauke wuta da dare a manta da dutsen guga a kunne, a dawo da ita ana barci. Ga kyandir, ga maganin sauro na kunnawa kusa da gidan sauro, ga jarkar fetur a lungu, ga kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Tagogin kuma duk an ɗinke su da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya ce mafita. Ki zaɓi masu batir na shekara goma, don mai jiran wutar NEPA ba za ta yi mana ba. Ki duba akwai tambarin UL a jiki, wato shaidar an gwada ta. Araha ba ta ado a irin wannan. Ki duba ranar ƙira tun a kanti, kada a ba ki wadda ta riga ta cinye shekara uku a kan kanta. A nan sai an fi yawan share ta saboda ƙurar hunturu, kuma zafin bazara yana gajiyar da batir, don haka mai yiwuwa ba za ta cika goman ba. A kafa ta a ɗakin kwana da kuma hanyar da ke tsakanin ɗakuna, a tsakiyar silin, ba a lungu ba, ba kuma dab da fanka ba. Ki nuna wa ƙaninki yadda ake danna maɓallin, ki ɗora masa alhakin.

Wani zai ce miki ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai na hannun Allah, babu mai ja. Amma mai faɗar hakan yana kulle ƙofarsa da dare, yana kai ɗansa asibiti in ya yi zazzaɓi. Yaran nan amana ce a hannunki. Yin abin da za ki iya ba ya rage tawakkali da komai. Kada ki yi musu da kowa a kai, ki dai yi naki.

Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, a ɗauko tsanin a juya ta a karanta shekarar. In kin karanta ki ɗauki hoton bayan nata ki turo min. Ki shafa min kan yaran. Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.